Ba a Jikina Za a Auna Rigar Aurenki Ba

Zuwa ga ƙanwata Barkono,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina miƙo gaisuwa mai yawa, irin ta yaya ga wadda take bi mata, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da aikinki da duk waɗanda kike tare da su. Allah ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya kuma kai mu ranar bikinki da rai da kwanciyar hankali. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har ta koma hawa bene da kanta, tana yi wa duk wanda ya miƙo mata hannu faɗa. An dawo da Baban yara reshen ma'aikatarsu da ke kusa da gida, yanzu da ƙafa yake zuwa aiki, kuma kullum sai ya dawo yana ba mu labarin tafiyar kamar wanda ya ƙetare ƙasa. Ƙaramar 'yarki ta cika shekara biyu, baki ya buɗe, babu mai hutawa a gidan nan. Idan ta ga waya a hannuna sai ta ce a kira mata Anti, don ita a saninta a cikin waya kike zaune. Ni kuma ina nan a kantin maganin, daga safe zuwa la'asar, kamar yadda kika bar ni.

Na san za ki yi dariya idan kika ga ambulan, ki ce Yaya ta koma zamanin da. Ki yi dariyarki. Na zaɓi takarda ne don na san halinki a waya: da zarar magana ta fara nauyi sai ki mayar da ita wasa, idan wasan bai yi ba ki ce ana kiranki a ɗaya layin. Takarda kuwa ba ki da yadda za ki katse ta. Ga maganar a taƙaice, tun kafin in ja ki da nisa. Na je shagon kayan amare kamar yadda kika ce, na gwada rigar da kika turo min hotonta, amma ban ba da odarta ba, kuma ba zan bayar ba. Ke za ki je da kanki a can inda kike, kuma lallai ne ki je kafin watan nan ya ƙare, in ba haka ba lokaci zai ƙure mana. Kada ki yi fushi tukuna, ki bari ki kai ƙarshe, sannan ki yi mai dalili.

Ban ga laifinki ba da kika aike ni, domin haka muka taso. Wata goma sha huɗu ne tsakaninmu, kuma tun kina aji biyu kika kamo ni a tsawo, daga nan ba mu sake bambanta ba. Mama ba ta taɓa jan mu mu biyu zuwa wurin tela ba. Ni take ɗauka, don ni ce mai iya tsayawa wuri ɗaya, a auna ni a ɗinka biyu, ke kina gida kina tsokanar 'ya'yan maƙwabta. Kayan makaranta, takalma, har rigar da kika sa ranar da aka ba ki takardar gama karatu, duk a jikina aka gwada su. Bayan kin tafi ma ba mu daina ba. Shekara shida ke nan ina shiga shago, in sa, in juya gaban madubi, in ta yi min in naɗe in aika miki, kuma ba ki taɓa dawo min da ko ɗaya ba. Shi ya sa ranar Lahadin da kika kira kika ce an sa rana, saura wata takwas, in je in gwada in ba da oda, in ta iso a kawo miki, ban ko tsaya tunani ba. Har wani daɗi na ji, wai ni ce zan fara sa rigar auren ƙanwata.

Zuwan farko ni na ɓata shi da hannuna, kuma zan ba ki labarinsa don kada ki maimaita. Ranar Asabar da rana na je, ranar da duk amaren garin suke fitowa. Na ɗauki Mama, Mama ta gaya wa Gwaggo, Gwaggo ta zo da 'ya'yanta biyu, a bakin ƙofa kuma maƙwabciyarmu ta ce ai ita ma hanyarta ce. Mu shida muka shiga. Shagon a hawa na biyu yake, dogon ɗaki ne, riguna a jere cikin leda daga wannan bango zuwa wancan, a ƙurya ga ɗan dandamali madubai uku sun zagaye shi. Mun yi awa guda muna jiran a gama da wasu. Da aka zo kanmu, duk rigar da na fito da ita sai ta sami alƙalai biyar. Gwaggo ta ce ta farko ta yi kama da labulen falo, ta biyu wuyanta ya yi ƙasa, ta uku ta yi kyau amma ba irin ta gidanmu ba ce. Da aka tambaye ta wace ce irin ta gidanmu, sai ta ce in ta gani za ta gane. Ga shi ban ci komai ba tun safe, wai don kada cikina ya fito, a riga ta tara sai da jiri ya ɗebe ni na zauna a ƙasa. Mun fito da yamma ba mu zaɓi komai ba, Mama da Gwaggo ba sa magana da juna.

Ribar da na samu a ranar ita ce haɗuwa da matar da ke yi musu gyaran riguna. Kowa a shagon Mai Gyara yake ce mata, ni ma haka zan kira ta. Dattijuwa ce gajera, tef ɗin awo a rataye a wuya, da ɗan matashin fil ɗaure a hannunta, ba ta da yawan magana. Ita ta kawo min ruwa lokacin da nake zaune a ƙasa, ta tambaye ni yaushe ne bikin nawa. Na ce ba nawa ba ne, na ƙanwata ne, jikinmu ɗaya, ni ake gwadawa a madadinta. Ta dube ni daga sama zuwa ƙasa. Ta dai ce in dawo ranar Talata da zarar an buɗe, in karya kumallo sosai kafin in fito, kada in shafa hoda ko jan-baki don suna ɓata wuyan riga, kuma in bar rundunar a gida. A cewarta mutum ɗaya ya isa rakiya, amma ya zama wanda zai faɗi gaskiya ba tare da ya manta cewa ba shi zai sa rigar ba.

Ranar Talatar na roƙi abokiyar aikina ta riƙe min wurin zuwa azahar, na koma ni kaɗai. Shagon shiru, sai ƙarar keken ɗinki daga ɗakin baya. Kafin ta taɓa ko riga ɗaya sai da ta zaunar da ni ta yi min lissafin lokaci, kuma shi nake so ki fi riƙewa. Rigunan da ke rataye ba na sayarwa ba ne, na gwaji ne. Idan amarya ta zaɓa, sai a ɗauki awonta a aika wurin masu ɗinkawa, kuma kafin rigar ta iso ana ɗaukar wata huɗu, wani lokaci biyar in an yi rashin sa'a. In ta iso ma ba a gama ba, domin ba ta zuwa daidai jiki, sai an yi gwaji uku. Na farko saura wata biyu biki, a nan ake kama kafaɗa da ƙirji da ƙugu. Na biyu bayan mako uku ko huɗu, a duba abin da aka gyara, a yanke tsawo. Na ƙarshe saura kamar kwana goma, don a ga ko jiki ya ƙaru ko ya ragu, tunda wasu amaren hidima ramar da su take yi, wasu kuma buɗe musu ciki take yi. Ta ce da so samu ne da wata tara ake farawa. Ke da takwas kika fara, ni na cinye miki mako biyu, takardar nan ma za ta ci nata a hanya. In watan nan ya ƙare saura bakwai cif, ki haɗa biyar da biyu ki gani da kanki ko akwai rara. Akwai rigunan da ake saya a tafi da su a ranar ga wadda ta makara, amma zaɓinsu kaɗan ne, kuma ba a cika bar musu yadin da za a yi babban gyara ba.

Sauran abubuwan da ta faɗa na rubuta su a bayan wata takardar magani don kada in manta. Ki san wurin da za a yi taron kafin ki zaɓa, domin riga mai doguwar jela da ke kyau a kan tayil wahala ce a kan ciyawa ko matakala, mai nauyi kuma azaba ce in lokacin zafi ne. Ki je da takalmin da za ki sa ranar, ko mai tudunsa, da kayan cikin da za ki sa, don a kansu ake auna komai. Tun a bakin ƙofa ki faɗa musu iyakar ƙarfinki, kuma kada ki yarda ki sa wadda ta fi shi ko da wasa, domin in ta shiga ranki sauran duk za su zama tsumma a idonki. Kada ki wuce biyar ko shida a rana ɗaya, bayan haka ido ya gaji, kowacce sai ta zama iri ɗaya. Ki gwada ko guda cikin irin waɗanda kike ganin ba kya so, don riga a rataye daban take da riga a jiki. Wanda ta fi nanatawa shi ne kada a yi oda da ƙaramin awo da niyyar za a rame kafin biki. Rage riga abu ne mai sauƙi, buɗa ta ne aiki, wani lokaci ma ba ya yiwuwa, kuma ta ce ta gaji da ganin amare suna kuka a kan wannan.

Bayan duk wannan ne ta ɗauko rigar taki. Ba ki yi zaɓen banza ba, Barkono, ta fi kyau a ido fiye da a hoto. Ruwan madara ce, wuyanta a rufe har maƙogwaro, dogayen hannaye na leshi masu kama jiki, da ƙananan maɓallai a jere a baya tun daga ƙeya har ƙugu, na ƙirga talatin da biyu. Ta kai ake sa ta. Sai da na ɗaga hannayena biyu sama sosai, ita kuma ta zuro min ita daga bisa. Ta zauna min ɗas. Na hau dandamalin ina ta murmushi, ina shirin cewa a kawo takardar oda. Amma ita ba ta yarda mutum ya ƙame wuri ɗaya yana kallon madubi kawai. Ta sa na taka zuwa ƙofa na dawo, na zauna a kujera na tashi, na sunkuya kamar zan ɗauki abu a ƙasa, na rungume ta yadda za a yi ta rungumar amarya, na ɗaga hannu kamar zan gyara gashi. Ina cikin ɗaga hannun ne na ce mata, a matsayin hira kawai, ai gara ma da ni na zo, don ƙanwar tawa ta yi haɗarin mota shekara biyu da suka wuce, an yi mata aiki a kafaɗa har sau biyu, amma ta warke.

Sai ta cire fil ɗin da ke bakinta ta mayar kan matashin, ta ce in sauko. Ta tambaye ni wace kafaɗa ce, na ce ta hagu. Wannan kaɗai na iya amsawa. Ta tambaya ko hannun yana ɗaguwa ya wuce kai, ko a ƙirji yake tsayawa. Ta tambaya ko yanzu ta kai kike sa riga, ko ta ƙafa, ko sai mai buɗewa ta gaba. Ko kafaɗar ta yi ƙasa da 'yar'uwarta. Ko tabon ya tsaya a kafaɗa ko ya gangaro hannu, kuma ko yana jure abu mai kaushi, don leshi yana cin tabo. Ko hannun yana kumbura in an daɗe a tsaye ko in ana zafi. Ba da faɗa take tambaya ba, yadda nake tambayar masu zuwa kanti inda ke musu ciwo haka take yi. Ni kuwa ina tsaye cikin rigar aurenki, kowace tambaya sai in ce ina jin dai babu matsala. A ta biyar na sunkuyar da kai, don kunya ta kama ni.

Ta ce riga irin wannan a kafaɗa take rataye, duk nauyinta a nan yake. In kafaɗa ɗaya ta sauka da faɗin yatsa biyu, sai ɗinkin baya ya karkace, ƙasan rigar ya ja ƙasa ta gefe ɗaya, kuma kowa zai gani ko bai san dalili ba. In kuwa hannu ba ya ɗaguwa, wannan rigar ba za ta ma shiga ba, balle a kai ga maɓallai. Sannan ta shiga ɗakin baya ta fito da wasu ayyukan da ke hannunta ta nuna min. Akwai wadda aka mayar da buɗewarta gefe da dogon zif a ɓoye, ana shigarta ta ƙafa. Akwai wadda aka yi wa shafi mai laushi a ƙarƙashin leshin don kada ya taɓa fata. Akwai wadda aka ƙara wa ɗan ƙyalle a hammata don hannu ya sami wurin motsi, da wadda aka ɗaga wa kafaɗa ɗaya da ɗan soso, in ba an gaya miki ba ba za ki sani ba. Ta ce shekara ashirin da wani abu tana wannan aiki, ba ta taɓa ganin jikin da ba a iya yi wa riga ba. Sai dai da yawan gyaran nan tun wurin oda ake faɗa don a bar yadi, kuma babu ɗaya da za a iya yi a jikin wata. Ta naɗe tef ɗinta ta ce ita dai ba za ta auna ni ba, in mai shagon ta ga dama ta sa wata ta yi. Na ce a bar shi. Ta ɓalle min maɓallan ɗaya bayan ɗaya, na sa kayana na koma aiki.

Da na tashi aiki na zauna a kicin na buɗe hotunan da kika turo cikin shekara biyun nan, daga na farko har na makon jiya. A kowanne da gefen dama kike fuskantar mai ɗauka. Hagun ko yana bayan wata, ko bayan ƙofa, ko ƙarƙashin babban mayafi ko da kowa a hoton yana fifita don zafi. Kuma cikin rigunan da na aika miki tun bayan haɗarin, guda bakwai in ban manta ba, babu ko ɗaya a jikinki. Dukansu ta kai ake sa su. Kullum sai ki ce sun yi miki cif, ki yi godiya. Na tambayi Mama, tunda ita ta je ta yi jinyarki, ta ce ita ta baro ki hannun yana naɗe, kuma duk lokacin da ta tambaya sai ki ce tsohuwa ta cika bincike. Daga nan na yi abin da na san zai ɓata miki rai, na kira angon naki, Mai Gilashi. Kada ki kama shi da faɗa, bai tona miki asiri ba. Ya ce maganar jikinki ke ce mai faɗa, ba shi ba, na kuwa ƙara ganin girmansa. Abin da kawai ya yarda ya gaya min shi ne akwai shagon kayan amare a kan titin da kike shiga mota, kuma sau huɗu kuna zuwa har ƙofarsa, ki tsaya ki kalli rigunan ta gilashi, sai ki ce kin tuna wani aiki.

Ba na so ki ɗauka tuhumarki nake yi. In akwai mai laifi a nan ni ce. Lokacin haɗarin ina da tsohon ciki, kowa ya ce kada in yi tafiya, kuma gaskiya ne. Amma na haihu, yarinya ta yi wata shida, ta yi shekara, ta fara tafiya, kullum ina cewa sai an yaye ta, sai an sami hutu, sai an ɗauki sabon ma'aikaci a kanti. Da kika ce min a waya kin warke, da gudu na karɓa, don ya yi min daɗi in ji haka, kuma ya sauke min nauyin tafiya. Ban ƙara tambaya ba. Na ci gaba da shiga shaguna ina juyi gaban madubi da sunanki, ina jin ni 'yar'uwar kirki ce. Yanzu na gane abin da ya sa kika zaɓi riga mai rufe wuya da hannu, na kuma gane abin da ya sa kika aike ni. Ba kya son hawa dandamalin nan, madubi uku suna kallonki, baƙuwa tana taya ki tuɓe riga. Da ni ce ma da haka zan ji. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, na yi kuka a kicin ɗin nan har 'yarki ta zo tana shafa min fuska. Amma da na biye miki na ba da oda, da rigar ta iso hannunki saura 'yan makonni biki, ki buɗe leda ke kaɗai a ɗaki, ta ƙi shiga. Kuma na san ki, ba za ki gaya wa kowa ba sai ranar ta zo.

Ga abin da za a yi. Na koma wurin Mai Gyara na tambaye ta yadda ake yi wa mai jin nauyin gwaji, ta ce abu ne da suka saba. A kira shagon tun kafin a je, a nemi lokacin farko na safe a tsakiyar mako, a ce ana son ɗaki mai ƙofa ba mai labule ba, kuma mai gyaransu ta kasance a wurin tun ranar farko, ba mai sayarwa kaɗai ba. A gaya musu maganar kafaɗar a waya cikin jimla ɗaya, don kada a tsaya yin ta a gabanki. In kina so kina iya juya wa madubi baya har sai an gama sa miki rigar, sannan ki juyo. Ta rubuta miki abubuwan da za ki tambaye su, na sa takardar cikin ambulan ɗin nan. Rubutunta ya fi na likitocin da nake karantawa kullum muni, amma za ki gane. Ta kuma ce kada ki yanke tun daga gida cewa sai mai rufe komai. Wasu sun zo da wannan niyya sun tafi da ita, sun kuma yi kyau, wasu da suka ga kansu sai suka zaɓi hannu mai saki ko mai tsayawa a gwiwa. Wannan zaɓinki ne, babu ruwan Mama ko Gwaggo, kuma duk wadda kika ɗauka ba za ki ji uffan daga bakina ba.

Ni kuma na karɓi hutun mako guda. Mai kantin ya ɗan ɓata rai, na tuna masa cewa tun da na dawo daga haihuwa ban nemi ko kwana ɗaya ba, ya sa hannu. Baban yara da Mama za su riƙe yaran, Allah ya ba su haƙuri. Zan iso ranar ashirin da uku ga wata, kin ga muna da kwana biyu ko uku na zagayawa, da ɗaya na komawa a ba da oda. Ki kira shagon tun yanzu ki karɓi lokaci. In kin ga ba za ki iya ba, ki turo min lambarsu in kira daga nan. Ni kaɗai zan zo, ban gaya wa Gwaggo ba, in kuma kika gaya mata ke kika sani.

Mama tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ki riƙa cin abinci. Baban yara da yaran suna gaisuwa, haka ma Gwaggo da 'ya'yanta, duk da ba su san ina rubutun nan ba. Ki gaida min Mai Gilashi da kyau, da mahaifiyarsa da ƙannensa, da matar nan da kuke haya tare. Allah ya sa albarka a wannan aure, ya ba ku zaman lafiya.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma in kin ƙi ba zan yi fushi ba. Ranar da na iso, bayan na ajiye jaka na sha ruwa, ki rufe ƙofa ki nuna min hannun. Zan yi ƙoƙari kada in yi kuka, in kuma na yi ki daka min tsawa yadda kika saba. Na riga na makara da shekara biyu, ba na so baƙuwa a shago, wadda ba ta san ko sunanki ba, ta riga ni gani.

Taki ce har kullum,
Yayarki